Darasi na Tara: Burtu da Cilakowa, da Yadda Suka Sami Sunayensu

Wanda ya taso daga tsakiyar birnin Njamena ya haye gadar Shagwa ya nufi kudu, to ya shiga Walia ke nan, a gunduma ta 9, kan ƙasar da ke kwance tsakanin kogin Shari da kogin Logon. Unguwa ce mai tara jama'a iri-iri. A layi ɗaya za ka ji Larabcin Chadi da Faransanci da Ngambai da Masa da Fulatanci, ga kuma Hausa a bakin 'yan kasuwa da masu kai-kawo zuwa Kuseri ta gadar Ngeli. A wuri irin wannan, tsuntsu ɗaya zai sauka a kan darbejiya, mutum biyar su ɗaga kai, kowa ya kira shi da sunan da ya sani, kuma a cikinsu ba wanda ya yi kuskure.

A wannan darasi za mu ɗauki dangin tsuntsaye guda, su burtu da cilakowa, mu bi sawun sunayensu: wa ya raɗa, me ya gani ko ya ji kafin ya raɗa, kuma ta wace hanya sunan ya iso gare mu. Ban da karatu da rubutu, abin da muke so ku fita da shi shi ne sanin yadda ake binciken asalin kalma ba tare da mutum ya ƙago labari daga kansa ba.

Tsuntsayen da ake magana a kansu

Masana dabbobi sun ƙirga kusan iri 60 a cikin wannan dangi. Wajen rabinsu suna Afirka kudu da Sahara, sauran suna kudancin Asiya da tsibiranta. Babu su a Turai, babu su a Amurka. Abin da ya haɗa su shi ne dogon baki mai lanƙwasa, da wani tudu da yawancinsu ke da shi a saman bakin.

Iri uku ne suka fi shafar mu a nan. Biyu ƙanana ne, Bahaushe yakan haɗa su a suna ɗaya ya ce cilakowa. Ta farko launin toka gare ta, da farin layi a kan ido, tsawonta daga baki zuwa jela kusan rabin mita. Bakin namijin baƙi ne da ɗan ɗigon fari, na macen kuwa samansa fari-fari ne, tsininsa ja. Tashinta ba ya ɓoyuwa: ta kaɗa fiffike ta hau, ta tsaya ta gangaro, ta sake kaɗawa. Kukanta siririn fito ne mai nisan zango, tana yin sa tana ɗaga baki sama. Idan damina ta faɗi takan yi arewa, da rani kuma ta dawo kudu ƙungiya-ƙungiya. Ta biyu ita ce mai jan baki, wadda fukafukanta ke da ɗige-ɗigen fari. Ita ta fi son ƙasa, tana tonon kashin shanu tana neman ƙwari, tana kama fara da gara.

Na uku shi ne burtu, kuma shi ba tsuntsun gari ba ne. Baƙi ne ƙirin, tsawonsa yakan kai mita 1, nauyinsa wajen kilo 4. Sai ya buɗe fiffike za ka ga fararen gashin da ke ɓoye a gefe. Fatar wuyan namijin ja ce da shuɗi, ta macen shuɗiya ce zalla, ga gashin ido zara-zara. Yana iya tashi, amma tafiya ya fi so. Yini yake yi yana takawa cikin ciyawa shi da matarsa, suna tsintar ƙadangaru da macizai da kwaɗi da ɓeraye da manyan ƙwari, har da ƙananan kunkuru. Da asuba yakan saki wata murya mai kauri daga maƙogwaro, wadda ake ji daga nesa.

Ku lura da wata ƙa'ida ta Hausa tun yanzu. Burtu namijin suna ne, cilakowa kuwa tamata. Don haka muna cewa burtu ya tashi, cilakowa ta tashi, ko da wanda ya tashin namijin cilakowa ne.

Ta ina suna yake zuwa

Sunan tsuntsu yakan zo ta ɗaya daga cikin 'yan hanyoyi. Wani daga kukansa ne, irin agwagwa. Wani daga halinsa, irin ragon maza, tsuntsun nan mai jan fiffike da ke jan jiki cikin duhuwa ba ya son tashi. Wani kuma aro ne daga maƙwabta ko daga littafi: alhudahuda da ɗawisu daga Larabci suka zo, talo-talo daga Yarabanci. Akwai kuma sunaye irin zabo da shaho da burtu waɗanda ba sa rabuwa gida biyu, ba a ganin wata kalma a cikinsu. Irin waɗannan galibi tsofaffi ne a harshe, an gaje su ne kaka da kakanni.

Sunan ƙaho

Idan kuka buɗe littafin Larabci kan tsuntsaye, za ku tarar ana kiran wannan dangi abu ƙarn, wato mai ƙaho. Mu da ke zaune a Chadi mun saba da wannan salo, domin Larabcin nan cike yake da sunayen da ke farawa da abu ko am, inda Bahaushe zai sa mai. Turawan Ingila suna cewa hornbill, kalma biyu ce aka haɗa, ƙaho da bakin tsuntsu, kuma an fara ganinta a rubuce a 1773. Jamusawa sun ce tsuntsun karkanda. A 1758 kuwa, masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, wanda ya tsara yadda ake raɗa wa halittu sunan kimiyya, ya kira dangin Buceros, daga kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar sa da ƙaho.

Me ya sa Turawan duk suka tsaya a kan ƙaho? Dalilin mai sauƙi ne. Tsuntsun ba ya zama a ƙasashensu. Abin da ya fara isa Turai shi ne busassun kawuna da bakuna waɗanda jiragen ruwan fatake suka kwaso daga tsibiran Asiya, aka jera su a ɗakunan ajiye abubuwan mamaki. Mutumin da aka miƙa wa busasshen kai bai ji kuka ba, bai ga tafiya ba, bai san inda tsuntsun ke kwana ba. Abin da ke hannunsa shi ya siffanta. Waɗanda Linnaeus ya fara rubutawa ma na Asiya ne, masu ƙaton tudu a kan baki, ɗaya har tudun ya murɗe sama.

Shi kuwa wannan ƙaho ba ƙaho ba ne irin na sa. Fatarsa ta waje iri ɗaya ce da abin da farcen mutum ya ƙunsa, cikinsa kuma kusan fanko ne, sai 'yan siraran ƙasusuwa da suka tokare shi. Masana suna ganin yana ƙara wa murya amo, kamar yadda ƙwaryar goge ke yi wa tsirkiya, yana kuma nuna girma da jinsin tsuntsun. Na burtu a buɗe yake ta gaba. Saboda nauyin baki, ƙasusuwan wuya biyu na farko a manne suke da juna a duk dangin. Iri ɗaya ne a dazukan Malesiya da Indunusiya yake da tudu mai tauri ciki da waje, kuma wannan taurin ya jawo masa bala'i: ana kashe shi ana sassaƙa tudun ana sayarwa, har a 2015 aka sa shi cikin halittun da ke dab da ƙarewa.

Yanzu ku dubi cilakowa mai jan baki da kyau. Ina ƙahon? Babu. Ta toka ma ɗan tudu ne siriri a bakin namijin. Ashe sunan da littattafai suka ba su gadon 'yan'uwansu na Asiya ne.

Sauran sunayen kimiyyar ma kowanne da labarinsa. A 1766 Linnaeus ya laƙaba wa cilakowa mai launin toka nasutus, wato mai babban hanci. A 1783 wani Baholande mai suna Pieter Boddaert ya kira burtu abyssinicus, ma'ana na Habasha, alhali tsuntsun yana nan tun daga Senegal, ya ratsa Nijar da Najeriya da Chadi, har zuwa Habashar. Sunan bai faɗi inda burtu yake ba, ya faɗi inda Bature ya fara jin labarinsa ne kawai. A 1830 Bafaranshe René Lesson ya ware burtu ya ba shi Bucorvus, ya haɗa tsohon sunan Linnaeus da kalmar Latin ta hankaka, saboda baƙin gashinsa. A shekarar dai ya raɗa wa ƙananan Tockus. Wannan kam sunan Afirka ne aka sa wa rigar Latin, domin masanin Faransa Buffon ya riga ya rubuta cewa tok ake kiran tsuntsun a Senegal, kuma duk wanda ya taɓa sauraron mai jan baki tana jera kukanta ya san daga ina tok ɗin ya fito. A ganina cikin tarin sunayen nan na littafi shi ne mafi dacewa, don waɗanda suka zauna da tsuntsun ne suka raɗa shi.

Kalawo ba cilakowa ba ce

Yaron da ke zuwa lakwal a Walia zai dawo gida ya ce sunan tsuntsun calao, ana furta shi kalawo. Wani dattijo ya ji, ya ce ai cilakowa ce Faransawa suka kasa faɗa. Wani kuma ya ce a'a, mu ne muka aro daga gare su. Kunne yana son wannan magana, don sautin ya yi kusa. Amma dukansu biyu ba su dace ba, kuma yana da kyau mu ga dalili.

Kalmar ta Faransanci an san hanyarta. Daga tsibiran Filifin ta fito, inda mutanen ƙasar ke kiran wani babban ɗan wannan dangi mai jan baki kalaw. Masanan Faransa na ƙarni na 18 suka ɗauke ta suka shimfiɗa wa dangin gaba ɗaya. A littafin da Mathurin Brisson ya buga a 1760 har cilakowar Senegal an kira ta da wannan suna. A lokacin ba Bafaranshen da ya san Kano ko Damagaram, balle bakin Shari. Sai a 1900, bayan yaƙin Kuseri inda Rabe da Kwamanda Lamy suka mutu rana ɗaya, aka kafa Fort-Lamy, garin da aka mayar Njamena a 1973. Ta nan Faransanci ya shigo, kalawo ta biyo shi cikin littattafan makaranta. Kalma ce da ta taso daga Filifin ta biya ta Faris kafin ta iso mana.

Ta ɗaya ɓangaren kuma, cilakowa tana cikin babban ƙamus ɗin da G. P. Bargery ya buga a 1934, wanda aka tattara yawancinsa daga bakin Hausawan Najeriya, inda Turawan Ingila ke mulki a lokacin, ba a koyar da talakawa Faransanci. Sannan ku tambayi kanku: me Bahaushe ke arowa? Yana aron sunan abin da ya zo masa daga waje. Lakwal da kaye da mushe sun shigo Hausar Nijar da Chadi ne tare da makarantar Faransawa. Alhudahuda ya shigo ta hanyar makarantar allo, domin an ambaci tsuntsun a Suratun Namli cikin ƙissar Annabi Sulaiman, Alaihis Salam. Ita kuwa cilakowa tana kan tsamiyar ƙofar gida tun kafin a ga Bature. Ba abin da zai sa a jira baƙo ya zo ya raɗa mata suna.

To, kamar sauti kaɗai ba hujja ba ce. Kafin a ce wannan kalma daga waccan ta fito, sai an nuna hanyar da ta bi, da lokacin da masu harsunan biyu suka haɗu, da dalilin aron.

Akwai wani tarkon da ya fi wannan daɗi. Cilakowa idan ta kama fara da tsinin baki, takan cilla ta sama ta cafe ta haɗiye. Sai mai wayo ya ce shi ke nan, cilla da kowa ne aka haɗa. Wannan wasa da harshe ne, yana da daɗi a hira, amma ku duba rubutun: cilla tana da l biyu, cilakowa tana da ɗaya, kuma tsuntsuwar ba kowa take cillawa ba.

Kamar da ake dogara da ita tana nan kusa da ku. Hausa da Masa da Musgu da Kotoko 'yan gida ɗaya ne, masana harshe suna kiran gidan da sunan Tafkin Chadi. Ku tambayi maƙwabcinku Bamase yadda ake cewa huɗu da harshensu, za ku ji fiɗi. A wasu garuruwan Hausa ma fuɗu ake cewa. Wannan ba aro ba ne kuma ba dace ba ne, gado ne daga kaka ɗaya, kuma an tabbatar da shi ne don irin wannan kama ta bayyana a harsuna da dama na gidan, a kalmomin da ba a cika aro ba.

Yadda burtu ya bar daji ya shiga magana

Yawancin masu jin Hausa a yau ba su taɓa ganin burtu da idonsu ba, amma kusan kowa yana ambatonsa. Ku saurari labarun rediyo, ba za a daɗe ba za ku ji an ce wasu ɓarayi sun yi shigar burtu sun shiga kasuwa, ko jami'an tsaro sun yi shigar burtu sun kama wani. Kowa ya gane ana nufin ɓad da kama. Amma me ya haɗa ɓad da kama da tsuntsu? Shi burtu ai ba ya ɓoye kansa, baƙi ne ƙato a fili.

Amsar tana wurin maharba. Namun daji irin su barewa da gada da mariri sun san mutum, da sun hango shi tsaye sai gudu. Burtu kuwa sun saba da shi, kullum yana yawo a tsakaninsu yana tsintar abin da ƙafafunsu suka tayar daga ciyawa, ba ya cutar da su. Maharbi ya lura da haka, sai ya nemi ya zama burtu. Yakan samo kan tsuntsun da bakinsa, ko ya sassaƙa irinsa da itace, ya yi masa dogon wuya mai lanƙwasa, ya rufe da baƙar fata. Wasu sukan manna jajayen 'ya'yan idon zakara a wuyan don ya yi kama da jar fatar namijin. A gindin wuyan akwai maɗauri da ake ɗaurawa a goshi. Shi wannan abin ɗaurawar ma burtu ake ce masa.

Ɗaura kan ba shi ne aikin ba. Maharbin zai lulluɓa da baƙin tufa, ya durƙusa, ya riƙa rarrafe cikin ciyawa, baka da kibiya ko bindigarsa a ɓoye a ƙasa. Tsayin mutum a durƙushe da wuyan nan a goshinsa bai fi tsayin tsuntsun da yawa ba, ciyawa kuma ta rufe sauran jiki. Daga nan sai kwaikwayo: ya sunkuyar da kai bakin ya taɓa ƙasa, ya ɗago ya waiwaya, ya yi 'yan taku ya tsaya, ya karkata gefe ya yi kamar ba ruwansa da garken. Ba ya miƙewa kai tsaye wurin naman, don burtu na gaske ba ya yin haka. Dole kuma ya kula da iska, ya biyo ta inda ba za ta kai warinsa ba, domin ido ake ruɗa, ba hanci ba. A haka zai yi ta matsowa har ya kai inda kibiya za ta isa. Wanda bai zauna ya ƙare wa tsuntsun kallo ba, ba zai iya ba. Maharban Hausa da na Nufe sun shahara da wannan dabara, an kuma san ta a wurin wasu al'ummun yankin Tafkin Chadi. Yau irin waɗannan kawuna suna ajiye a gidajen tarihi na Afirka da Turai da Amurka.

Ku ga matakan da kalmar ta taka. Da farko sunan tsuntsu ce. Sai ta zama sunan abin da maharbi ke ɗaurawa. Daga nan ta zama sunan dabarar kanta, har ta kai ana faɗinta ga wanda bai taɓa shiga daji ba. Kuma ma'anar ba ta tashi a banza ba. Wanda ya yi shigar burtu ba ɓuya ya yi ba, ana ganinsa sarai. Siffar wanda ba a tsoro ya ɗauka don ya kusanci abin da yake nema. Shi ya sa ba a cewa amarya ta yi shigar burtu don ta lulluɓe fuska, amma ana faɗa wa ɗan damfarar da ya zo da rawani da carbi.

Wasu al'ummu sun ɗauki 'yan wannan dangi ta wata fuskar. Sanufawa na yankin Korhogo a arewacin Kwaddibuwa suna sassaƙa ƙaton gunkin ɗayansu mai dogon baki da buɗaɗɗun fukafukai. Jihar Sarawak ta Malesiya ta sa wani ɗan dangin a tambarinta. Jihar Nagaland ta Indiya tana bikin al'adu da sunan dangin kowane Disamba tun 2000. Yaran da suka kalli fim ɗin The Lion King na 1994 kuma sun san Zazu, mai ba sarki shawara, wanda cilakowa ce mai jan baki.

Abin da ba sunan da ya faɗa

Abin mamaki, duk cikin sunayen nan ba wanda ya taɓo babban al'ajabin cilakowa, wato yadda take sheƙa. Idan damina ta kama, ita da mijinta sukan nemi kogon itace. Macen ta shiga, ta toshe ƙofar da laka da kashinta da ragowar abinci, ta bar 'yar tsaga tsaye wadda baki kawai zai iya wucewa. A ciki za ta yi ƙwai 2 zuwa 4, ta kwanta a kansu sama da mako 3. A wannan zama takan zubar da manyan gashin fiffike da na jela gaba ɗaya, ta yadda ko an buɗe mata ba za ta iya tashi ba. Namijin ne ke ciyar da ita ta tsagar, safe da yamma, daga baya har da 'ya'yan. In 'ya'yan suka yi girma wuri ya ƙure, sabon gashinta kuma ya fito, sai ta fasa ta fita, su kuma su sake toshe ƙofar da kansu, iyaye biyu su ci gaba da kawo abinci. Maciji da biri da shaho ba sa samun hanya. Amma idan yaro ya harbe namijin da danƙo a wannan lokaci, ba tsuntsu ɗaya ya kashe ba, gida guda ne. Iyaye, wannan abin faɗa wa yara ne.

Burtu shi ba ya toshe ƙofa. Yana neman babban kogo a tsohuwar kuka ko wani ƙaton itace, ko a jikin dutse. Macen tana yin ƙwai 1 ko 2, ta kwanta kusan kwana 40, kuma galibi ɗa ɗaya ne ke rayuwa, shi ma sai ya yi kusan wata 3 kafin ya bar kogon. Tsuntsu mai haihuwa a hankali haka, in aka rage shi ba ya saurin dawowa. A 2018 ƙungiyar duniya mai kula da kare halittu ta sa burtu cikin jerin waɗanda ke fuskantar barazana. Farauta tana cikin dalilai, amma sarar manyan itatuwa da mayar da daji gona sun fi yi masa illa, domin kogo ba ya samuwa a ƙaramin itace. Mazauna Njamena suna tune da farkon 2009, lokacin da gwamnati ta hana shigo da gawayi birni don rage saran itace, da irin wahalar girki da aka sha. Darbejiyar da muke dasawa tana ba da inuwa da wuri, cilakowa ma tana cin 'ya'yanta, sai dai kogon da burtu ke buƙata yana wurin itacen da ya shekara da yawa. Wanda yake son ganinsa yanzu sai ya yi nisa da birni, ko ya je gandun dajin Zakuma da aka kafa a 1963 a kudu maso gabashin ƙasar.

Gyaran rubutu

Da yawa daga cikinku kun fara rubutu da Faransanci, hannunku zai so ya rubuta tchilakowa da bourtou. A ƙa'idar Hausa harafin c shi kaɗai ya isa, kamar a ciki da cokali, u kuma ba ya neman o a gabansa. Idan kuka ga chilakowa a tsohon littafi, rubutun da ne, kafin a daidaita ƙa'ida. Ku kuma kula da ƙ mai lanƙwasa a ƙaho, da ɗ a ɗawisu.

Tambayoyi da aiki

1. Me ya sa sunayen Turai suka tsaya a kan ƙaho, sunan Senegal kuwa ya bi kuka?
2. Kawo hujja biyu da ke nuna cilakowa ba daga Faransanci aka aro ta ba.
3. Bayyana matakai uku da kalmar burtu ta bi. Sannan rubuta jimla biyu da shigar burtu, ɗaya a kan kasuwa, ɗaya a kan abin da ka ji a rediyo.
4. Cike gurbi da ya ko ta: Cilakowa ___ shiga kogo. Burtu ___ haɗiye ƙadangare. Ragon maza ___ ɓuya a duhuwa.

Aikin gida na mako ne. Kowane ɗalibi ya sami mutum uku a unguwa masu harshe daban-daban, zai fi kyau dattawan da suka tashi a ƙauye, maza ko mata. A gaishe su yadda ya kamata, a siffanta musu tsuntsayen biyu ko a nuna hoto a waya, a tambayi sunan kowanne da harshensu. A rubuta sunan yadda kunne ya ji, da harshen, da garin da mai maganar ya tashi. A tambaye shi ko sunan yana da wata ma'ana, ko akwai karin magana a kansa, a rubuta amsarsa yadda ya faɗa ba ƙari. A zo da littafin ranar darasi na gaba, za mu jera sunayen a allo mu ware waɗanda suka bi kuka da waɗanda suka bi siffa.